Baturen Da Aka Tambaya Ko Za A Ga Wata: Ƙaramar Salla A Kano, 1824

A kwanakin ƙarshe na watan Mayu, shekarar 1824, azumi ya kai gargara a birnin Kano, zafin bazara kuwa bai sassauta ba. Mutane sun jigata, hankalin kowa yana wajen yamma. A cikin garin akwai wani baƙo Bature da ake kira Abdullahi, wanda aka san yana da littattafan lissafin rana da wata da taurari. Sai jama'a suka dinga zuwa masaukinsa, suna roƙonsa ya duba littafin nan nasa ya gaya musu ko yau za a ga jinjirin wata. Ya duba, ya ce musu za a gani bayan faɗuwar rana, in dai gari ya yi garau. Da magariba ta yi sai gizagizai suka rufe sama. Ba wanda ya ga kome. Kowa ya koma gida jiki a sanyaye, ana shirin ƙara kwana guda.

Can da tsakar dare sai ga wani mahayi ya shigo birni a sukwane, ya nufi gidan Sarki da labari cewa an ga wata a wani wuri. Tun daga wannan sa'a ba a ƙara jin kome ba sai ƙarar bindiga da sowa, har gari ya waye.

Wannan baƙo yana rubuta abin da ya gani kowace rana, aka kuma buga labarin tafiyarsa a London a 1826. Daga cikinsa muka tsamo abin da za mu kawo muku. Da yawa daga cikinmu, mutanen Dayi da kewaye, mun taɓa bin hanyar Gwarzo muka tafi Kano kallon hawan Salla, waɗansu kuma sun bi ayarin Galadima daga Malumfashi zuwa Katsina. Ko wanda Salla ba idinsa ba ce ya san hutunta, ya ci tuwonta daga gidan maƙwabci, ya kuma san yadda kuɗin kaji da tumaki ke tashi in ta matso. To, ga yadda ta kasance shekara 200 da ɗoriya da suka wuce, a idon mutumin da bai taɓa ganin irinta ba.

Wane ne Abdullahi?

Sunansa na yanka Hugh Clapperton. An haife shi a 1788 a wani gari da ake kira Annan, cikin ƙasar Sikotlan. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, har ya zama hafsa a rundunar ruwa ta Ingila. Abin da ya sa ya iya lissafin wata ke nan, gama matuƙin jirgi a tsakiyar teku ba shi da dutse ko kuka da zai gane hanya da su, sai rana da taurari da littafi.

Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da waɗansu mutum biyu, Likita Walter Oudney da Manjo Dixon Denham, su nemo inda kogin Kwara ya nufa, su kuma duba hanyar ciniki. Suka tashi daga Tarabulus a 1822, suka ƙetare hamada da raƙuma, suka iso Kukawa wurin Shehu Laminu na Barno a Fabrairu 1823. A Disamba na wannan shekara Clapperton da likitan suka kama hanyar ƙasar Hausa. Likitan bai kai ba. Ya rasu a wani ƙauye kusa da Katagum ran 12 ga Janairu 1824, abokinsa ya binne shi, ya ci gaba shi kaɗai da barorinsa, zazzaɓi kuwa yana cinsa shi ma.

Ran 20 ga Janairu ya shiga Kano. Ya sha jin labarin birnin a bakin Larabawa fatake, saboda haka ya sa tufafinsa na hafsan ruwa, ya yi ado iyakar iyawarsa, yana tsammani gari zai taru a kansa. Da bakinsa ya faɗa cewa ko mutum ɗaya bai juyo ya dube shi ba. Kowa harkar gabansa yake yi. Garin da ke ganin Buzaye da Larabawa da Barebari da Nufawa kowace safiya, farin mutum guda a kan doki ba abin tsayar da ciniki ba ne.

Da farko birnin bai burge shi ba. Ya shiga ƙofa ya tarar sai an yi 'yar tafiya kafin a kai gidaje, gidajen kuma gungu-gungu, ga kududdufai na ruwa kwance a tsakani, ga fadamar Jakara ta ratsa gari. Ya ƙiyasta badala ta kai mil 15 a kewaye, tsayinta ƙafa 30, da ƙofofi 15. Mutanen garin kuma ya ce za su yi 30,000 zuwa 40,000, ban da baƙin da ke cika shi da rani. Ga abin da manomi zai lura da shi: a ganinsa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna. Waɗanda suka gina ganuwar sun san cewa in abokan gaba suka kewaye gari, bango ba ya cika ciki, don haka suka kewaye gona tare da gida.

Kasuwar da ta sauya masa ra'ayi

Ya yi wata guda da 'yan kwanaki a Kano a wannan zuwa na fari, kasuwa ce kuwa ta sa ya fara ganin girman garin. Ya kamata mu ɗan tsaya a kanta, gama abin da ya rubuta ya shafi kowace ƙungiyar gama kai da ke auna hatsi ko sayar da auduga.

Ya tarar akwai sarkin kasuwa, wanda ke ba da hayar rumfuna wata-wata, yana kuma sa ido a kan farashi. Kowace irin haja da layinta: masu hatsi da wake daban, masu dabbobi can gefe, masu tufafi da kayan ƙawa a tsakiya. Da wuri ake ciniki. Ya yaba da wurin, ya ce kuɗi ne da ba mai iya yin jabunsa, ya kuma yi mamakin saurin hannun masu ƙirga. In an gama ciniki mai sayarwa yakan mayar wa mai saye da biyu cikin ɗari na kuɗin, a kan albarka. Har laima koriya ƙirar Ingila ya samu a kasuwar, ya saya dala 3 ta azurfa, bayan ta sha hanya ta hamada a bayan raƙumi.

Amma abin da ya fi kome burge shi shi ne dokar tufafi. In mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kano ba tare da ya warware ba, ya kai Barno ko wata ƙasa mai nisa, sa'an nan ya tarar kayan ba su da kyau, sai ya mayar da su. A cikin kowane ƙunshi akwai 'yar takarda mai sunan dillalin da ya yi cinikin. Dole dillali ya nemo mai kayan, dole mai kayan ya mayar da kuɗi. Watau sunan mutum yana tafiya da hajarsa har inda ta tsaya. Ku 'yan ƙungiya da kuka taɓa ganin an dawo muku da buhunan masara domin wani ya zuba dusa da tsakuwa a ƙasa, ko an rage darajar audugar gari duka a fuloti domin mutum ɗaya ya yayyafa wa tasa ruwa, kun san amfanin 'yar takardar nan. Da ita tufafin Kano ya yi suna har bakin hamada da bayanta.

Ba wai duk 'yan kasuwar salihai ba ne. Ya ce mahauta sun iya dabara kamar na ƙasarsu: su hura nama ya kumbura, su tsaga shi yadda kitse zai fito fili, wani lokaci ma su manna ɗan gashin tunkiya a cinyar akuya don ta wuce a naman rago. Wannan sana'a dai ba ta mutu ba.

Ran 23 ga Fabrairu ya tashi zuwa Sakkwato, ya isa a tsakiyar Maris. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da kyau, Waziri Giɗaɗo ya zama mai masaukinsa. Bello ya san shi Nasara ne, har ya yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun Nasara na dā, waɗanda shi baƙon ya rasa amsarsu, ya ce shi fa ba malami ba ne. Amma hanyar Yawuri da Nufe, wadda za ta kai shi Kwara, ba a ba shi ba. Ran 4 ga Mayu ya juyo, azumi ya riga ya kama. Suka ratsa dajin Gundumi da rakiya saboda tsoron Gobirawa, ƙishirwa ta wahalshe su ƙwarai. Suka biyo ta Zurmi, suka sauka Katsina, zamanin Ummarun Dallaje, inda ya ga fili mai yawa a cikin ganuwa ba gidaje, ya kuma ji cewa tun bayan jihadi yawancin ciniki ya koma Kano. Ran 22 ga Mayu ya sake shiga Kano, a gajiye, ba lafiya. Bayan mako guda aka zo masa da tambayar wata.

Abin lura ne cewa ba wanda ya sha ruwa a kan maganar littafinsa. An tambaye shi don zuciya ta samu abin riƙewa, lissafinsa kuma bai yi kure ba, amma sai da ido ya gani, shaida ta iso wurin Sarki, sa'an nan aka buga bindiga. Manomi ya san wannan hali. Rediyo yakan ce damina za ta sauka ran kaza, mu ji, mu gyara iri, amma ba mai kai sungumi gona sai ya tona ƙasa da hannunsa ya ga inda laima ta kai. A yau kwamitin ganin wata ne ke tattara shaida, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, cikin minti kaɗan ƙasa duka ta ji. A 1824 gudun doki guda ne ya raba mutanen Kano da ƙarin yini na ƙishirwa.

Hawan

Da safe gari ya koma ziyara. Wannan ya shiga gidan wancan, wancan ya shiga na wannan, har baƙon ya ce gaisuwa ta zama aiki sosai. Shi ma ya hau doki tare da wani attajiri Balarabe, wakilin Shehun Barno a Kano, wanda ya rubuta sunansa Alhaji Hat Salah, suka tafi gaida Sarki. Sarkin Kano a lokacin shi ne Ibrahim Dabo, Basulluɓe, wanda ya hau a 1819 ya yi sarauta har 1846. Dabo ya gayyace shi ya hau tare da su bisa al'adarsu ta kowace shekara. Ga shi Nasara, kowa ya sani, ba lafiya gare shi ba, ba kuma wata runduna a bayansa, amma aka ba shi wuri cikin ayarin Sarki ran idi. Baƙo ne, an yi masa abin da ake yi wa baƙo.

Suka nufi wani fili a cikin ganuwa. Barade suna ta sukuwa suna kwaikwayon artabu, 'yan bindiga suna ta harbi. Larabawa da manyan gari sun ci ado da mafi kyaun tufafinsu. Ya ce duk wanda ya iya samo doki a ranar, ko ta wace hanya, to yana bisa. Wanda ya fi kowa ɗaukar idonsa shi ne wani mahayi cikin lifidi da ke tafe gaban Sarki, riƙe da wani babban takobi irin wanda sai da hannu biyu ake sara da shi.

Yaran yanzu suna ganin lifidi kamar kayan ado. Asalinsa rigar yaƙi ce, ta doki da ta mahayi, ƙyalle ninki biyu da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka ɗinke tam, domin kibiya mai dafi ta maƙale a ciki kada ta kai fata. Yana da nauyi, yana da zafi, sai ƙaƙƙarfan doki ke ɗaukarsa. Wanda baƙon ya gani a gaban Dabo kayan aiki ne da ake fita da shi daga.

Da aka isa filin sai Sarki ya yi wa jama'a jawabi. Clapperton bai rubuta wata doguwar gaisuwar Salla ba. Abin da ya kawo shi ne, Sarki ya shaida wa mutane niyyarsa ta kai wa Ɗan Tunku yaƙi, yana kuma so kowane namiji ya nuna iyakar jaruntakarsa. Ya ƙara da cewa wannan karo ba za a bar 'ya'ya maza a gida kamar yadda aka saba ba. Za su bi iyayensu, su koyi yaƙi a gaban idonsu. Da ya gama aka juyo gida bisa tsarin da aka fito.

Layi kaɗan baƙon ya ba wannan jawabi, ya koma kan hutu da tufafi. A ganinmu kuwa nan ne zuciyar ranar take.

Ɗan Tunku shugaban Fulani ne na arewacin Kano, wajen Dambatta da Kazaure, wanda ya ƙi yi wa Dabo mubaya'a. Ba shi kaɗai ba ne. Da Dabo ya hau, garuruwa da yawa na ƙasar Kano suka tayar, ya yi shekaru yana bin su ɗaya ɗaya, har aka yi masa laƙabi da Cigari. Ko zuwan Clapperton na fari a Janairu, ba a cikin birni ya sami Sarki ba, sai da ya hau ya tafi sansani wajen Fanisau, inda ake shirin wannan yaƙi. Saboda haka hawan nan na Salla, ban da murna, ƙidaya ce. Rana ce da Sarki zai ga da idonsa doki nawa gare shi, wane hakimi ya zo da mutanensa, wane ne ya noƙe. Jama'a kuma su ga ƙarfin Sarki, labari ya kai kunnen abokin gaba kafin dare.

Yanzu ku tuna da lokacin. Ƙarshen Mayu ne. Gizagizan da suka ɓoye wata a daren jiya, su ne manomi ya yi wata bakwai yana jira. An yi sharar gona, an kai taki, irin gero da dawa yana rataye, waɗansu ma sun yi binne. Rumbu ya yi ƙasa, azumi da hidimar Salla sun ƙara taɓa shi. A irin wannan mako magidanci yake ƙirga hannuwan da ke gandunsa, ya san fartanya nawa za ta shiga gona a noman fari. Sai ga shi a filin idi an ce masa ba shi kaɗai ake so ba, har da ɗansa. Galibi sai an kawar da amfanin gona ake fita yaƙi, gama sarakuna ma sun san runduna ba ta tafiya da yunwa. Duk da haka wanda ya ji jawabin nan ya koma gida ya san cewa saurayin da zai yi huɗa da shi bana, ba lalle ne ya ci tuwon dawar da suka shuka tare ba. Uwar yaron kuma, wadda ta kwana tana tuƙin tuwon Salla, a bakin maƙwabta za ta ji.

Bature ya ga dawaki, ya ga riguna, ya ji bindiga. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Amma a yi masa adalci: ya rubuta abin da aka faɗa, da bai rubuta ba kuwa da ba mu san an faɗa ba.

Abin da ke ƙarƙashin adon

Ya ce kwana uku aka ajiye kowane aiki. Maza da mata da yara suna ta kai da kawowa a gari cikin tufafinsu na ƙawa, aka kuma 'yanta waɗansu bayi. A yau gwamnatin tarayya takan ba da hutun kwana biyu, ma'aikacin ofis ya rufe ƙofa ya tafi. A wancan zamani kasuwa da karofi da maƙera ne suka yi shiru.

Kwana uku na hutun birni mai mutum 30,000 ko fiye, wani ne ya noma shi. Dokin da aka yi sukuwa da shi bai san azumi ba, kullum sai ya ci dawa da dusa da harawa, a ba shi kanwa, a yanko masa ciyawa. Dawar da ingarma guda ke ci a shekara ta isa ta riƙe mutane. Rigar da ta ɗauki ido kuma daga gona ta faro: wani ya shuka auduga, ya tsince ta, mata suka gurje ta da magurji, suka shiɓe, suka kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa ƙwarya ƙwarya, maɗinki ya harhaɗa, marini ya tsoma ta cikin baban da wani manomin ya noma, mabugi ya buge ta har ta yi walƙiya. Ba audugar ƙasar Kano kaɗai ke wannan aiki ba. Ana kawo ta daga Zazzau da Zamfara da wannan yanki namu na kudancin Katsina, inda Maska ta daɗe da yin suna a saƙa da rini. Tun kafin Turawa su kafa injin gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, tun kafin aikin raya noma na Funtua da aka fara a 1975, ƙasar nan tana tufatar da birane.

Bayan Clapperton da shekara 27, a 1851, wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano ya yi lissafin abin. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara ya kai aƙalla wuri miliyan 300, a zamanin da wuri 50,000 zuwa 60,000 ke riƙe iyali guda shekara ɗaya. In ka raba za ka ga cinikin tufafi kaɗai ya isa ya ci da gida 5,000 ko fiye.

Akwai kuma abin da ba shi da daɗin faɗi. Clapperton ya ce fiye da rabin mutanen birnin bayi ne. Ƙiyasin baƙo ne, ba ƙidaya ba, amma ya ga kasuwar bayi da idonsa, rumfar maza daban ta mata daban. Ya ga bayi maza suna gini da ƙira da saƙa da dukanci, mata suna kaɗi da tuya da tallan ruwa. A bayan ganuwa kuma akwai rinji da gandayen sarauta, irin na Fanisau, inda bayi ke noma hatsin da ke ci da fada da dawakinta. Yawancinsu mutanen karkara ne da yaƙi ko hari ya kwaso daga gonakinsu. Watau yaƙin da ake shela a filin idi, in an ci nasara, yakan ƙara hannuwa a gandun wani, ya bar gonar wani ta koma saura. Ya kuma rubuta cewa akan 'yanta bayi in ubangijinsu ya rasu ko in wani babban idi ya zo, a rubuta takardar 'yanci gaban alƙali da shaidu biyu. Saboda haka cikin masu murnar nan da ya gani, mai yiwuwa akwai wanda murnarsa ta wuce ta Salla.

Hawan bai fara da Dabo ba. Littafin tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara sallar idi a Shadakoko, shi ne kuma ya kawo kakaki da figini da dawakin zage, ya kafa kasuwar Kurmi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 yaƙi tsakanin sarakuna ya ƙare, hawa ya zama na gaisuwa da nuna biyayya. Turawan suka mai da shi abin tarbar manyan baƙinsu: an yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, gwamnatin Nijeriya kuma ta shirya wani babba a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Jawabin Sarki ran Salla yana nan, sai dai abin da aka saba ji a cikinsa a zamaninmu shi ne a zauna lafiya, a kai yara rigakafi da makaranta, a koma gona, kada a yi gaggawar sayar da hatsi da kaka. Baƙi daga Turai da Amurka sukan zo su zauna a rumfa da kyamara, su ɗauki hoton lifidi, yawancinsu ba sa jin abin da Sarki ke faɗa.

Shi dai Abdullahi, da aka gama hidima ya je ya yi sallama da Dabo, ya bar Kano ran 3 ga Yuni 1824, yana sauri kada ruwa ya cika rafuka ya tare masa hanyar Barno. Ya isa Kukawa a Yuli, ya sake ƙetare hamada, ya sauka Ingila a tsakiyar 1825. Ɗan Tunku kuwa, a jerin sarakunan Kazaure sarautarsa a 1824 ta ƙare, ɗansa Dambo ya gaje shi. Kano ba ta haɗiye Kazaure ba, ta zauna masarauta mai kanta a ƙarƙashin Sakkwato.

Clapperton bai daɗe a gida ba. A ƙarshen 1825 ya sauka Badagiri ta teku, ya biyo ta ƙasar Yarbawa da Busa da Zariya, ya sake shiga Kano a damina ta 1826. Wannan karo ya tarar Sakkwato da Barno suna gaba, kyautar da ya ɗauko wa Shehun Barno ta jawo masa zargi, aka hana shi wucewa. Ciwo ya kwantar da shi a Sakkwato, ya rasu ran 13 ga Afrilu 1827, yana da shekara 38. Baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da birnin, ya kwashi takardunsa ya kai gida. Shi Lander ɗin ne, tare da ƙanensa, ya bi Kwara cikin kwalekwale a 1830 har inda ta faɗa teku.